Keke Biyu da Sanyin Safiya: Fitar da Ta Fi Dacewa da Ma'aurata a Maraɗi

Wani abokin aikina, matashin malami da ya yi aure bara, ya tare ni bayan an tashi daga lakwal da wata tambaya. Ya ce, "Malam, ina zan kai amaryata mu ɗan shaƙata ba tare da albashi ya ƙare kafin wata ya raba ba?" Na ce masa ya nemo keke biyu, su kama hanyar Jiratawa ranar Lahadi da sassafe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, yana zaton wasa nake. To ba wasa nake ba, shi ya sa na ga ya dace in faɗi dalilina a fili, musamman ga ƴan uwana malamai da iyaye.

Ni da uwargida mun shekara shida muna wannan fita. Ita ce ta fara kawo maganar. Wata rana ina gyaran sarƙar kekena a tsakar gida, ta ce, "Malam, ka san kuwa na fi ka iya keke sa'ad da nake yarinya?" Ashe tun tana aji shida aka karɓe mata keken, aka ce ta girma. Shekara goma sha da aurenmu ban taɓa jin wannan labari ba. A ranar na gane cewa mun daɗe ba mu yi hira ba, in ban da maganar cefane, kuɗin wuta da rashin lafiyar yara.

Wannan ita ce cutar gidajenmu da yawa. Lokacin zance, saurayi yakan share awa biyu a ƙofar gida yana zuba. Da an ɗaura aure sai hira ta koma fada da majalisar shayi, matar kuma a bar ta da wayarta. In an yi yunƙurin fita, sai a nufi gidan abinci a kashe jika biyar ko goma, kowa na kallon kowa, maigida na lissafin aljihu a zuci. A dawo gida ba a ce komai ba.

Keke ba haka yake ba. Ba ya shan mai, ba ya ƙara irin ta babur da za ta hana ku jin juna, kuma dole ne wanda ya fi sauri ya jira ɗan uwansa. Ga yadda muke yi. Muna zaɓar lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mu fita bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Jiratawa tana kudu da gari, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba ko a hankali ake tuƙi. Wurin ya yi suna da noman rani da zogale, kuma a wannan lokaci lambunan kore shar suke alhali sauran ƙasa ta bushe. Mukan nemi izinin mai lambu mu zauna a inuwa, mu sha shayin da muka zo da shi a filas, mu sayi ganyen zogale ɗanye a ɗaure a kariya. Da rana a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, yara su ci su san inda ya fito.

Wata Lahadin kuma sai Tibiri, ta hanyar da ta nufi Gidan Rumji. Wannan tafiya ce ta masu son tarihi. Gobirawa sun kafa Tibiri a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, bayan yaƙin Gawakuke, kuma har yau fadar Sarkin Gobir tana can. A hanya za ku ga kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tayar da garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu. Na karantar da wannan a aji sau da dama, amma ban taɓa jin daɗin faɗinsa kamar ranar da na tsaya da keke ina nuna wa matata wurin da hannu ba.

Na san abin da za a ce. Na farko, kunya: matar aure a kan keke, me mutane za su ce? Sun kuwa faɗa. A watan farko mun sha kallo, har wata gwaggona ta aiko a tambaya ko lafiya. Amma mace a bayan kabu-kabu na namijin da ba ta sani ba, ba wanda ke ɗaga ido. Me ya sa tafiya tare da mijinta, kowa a kan abin hawansa, ita ce abin magana? Na biyu, sutura. Wannan gyara ne mai sauƙi: keken mata wanda ba shi da sandar tsakiya, wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga, da hijabin da bai kai ga tayar baya ba don kada ya naɗe. Na uku, addini. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Wanda ya ga aibu a miji ya yi wasa da iyalinsa, ba daga nan ya samo shi ba.

Akwai dai damuwar da na yarda da ita, wato hanya. Manyan motoci masu zuwa iyakar Najeriya ba sa raga wa mai keke. Don haka a bi gefen kwalta ɗaya bayan ɗaya, a duba birki kafin a fita, a riƙe famfo da kayan faci domin tsidau ba ya jin roƙo. Kada a yi nisa cikin daji, kada kuma magariba ta riske ku a waje. Wannan shawara ga ma'aurata take. Masu neman aure su ci gaba da zancensu yadda iyaye suka tsara.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, iyaye da malamai. Abokin nan nawa ya dawo bayan mako guda ya ce matsalar ɗaya ce: amaryarsa ba ta taɓa hawa keke ba. Laifin wa? Muna saya wa ɗa namiji keke ya je makaranta, ƴa mace kuma ta taka da ƙafa, ko mu karɓe nata da zarar ta fara girma saboda camfin cewa keke na lalata budurwa. Camfi ne kawai. Abin da na gani da idona shi ne ɗalibai mata daga unguwannin bayan gari suna isowa aji a makare kuma a gajiye, a kore su a bakin ƙofa, har wata ta gaji ta daina zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ga hawan jini da ciwon sukari suna cin iyayenmu mata a cikin ɗaka. Yarinyar da aka bar wa kekenta ta sami hanyar makaranta yau, ta sami lafiya gobe.

Shawarata ga malamai ita ce a ware wurin ajiye kekuna mai tsaro a makaranta, kuma a tsawata wa samarin da ke yi wa ɗalibai mata ihu in sun zo a keke. Ga iyaye kuwa, in keke ɗaya ne a gida, a raba ranaku tsakanin yara maza da mata. Kai kuma maigida, tambayi uwargida yau da dare ko ta iya keke. Wataƙila ka ji labarin da ba ka taɓa ji ba.

Abokina yanzu yana koya wa amaryarsa a tsakar gida bayan la'asar, da aron keken ƙanwarsa. Ya ce ta faɗi sau biyu, shi kuma ya goge gwiwa wajen tare ta. Mun yi alkawarin in hunturu ya shigo, mu huɗu za mu tafi Jiratawa, in Allah ya kai mu.