Gida da Makaranta: Akwatin Wasa Yana Zama Kwamfuta

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da yaranmu suka fi mu sani, wato akwatin wasa. Ko a Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ba ka rasa shago mai telebijin da ƙaramin janareta, samari sun cika benci, kowa ya biya kuɗi domin ya buga ƙwallo da yatsu. Suna kiran wurin gidan gem. Yawancin akwatunan da ke ciki na hannu ne, sun tsufa a Turai kafin su iso mana.

Da can akwatin wasa dabam yake, kwamfuta kuma dabam. Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation a 1994, aikinsa ɗaya ne, ka sa faifai ka yi wasa. A 2001 Microsoft, mai yin Windows na kwamfutocin ofis, ya shiga kasuwar da Xbox. A 2013 sai PlayStation 4 da Xbox One suka fito, dukansu biyu da ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta daga kamfani ɗaya, wato AMD. A 2022 kamfanin Valve na Amurka ya kawo Steam Deck, wanda ake riƙewa a hannu kamar littafi, amma in ka haɗa shi da allo da madannai ya zama kwamfuta sosai. A 2025 kuma aka fara sayar da ROG Xbox Ally, mai sunan Xbox a jiki, Windows kuwa a ciki.

Mu ba annabawa ba ne, amma wanda ya ga hadari ya san abin da ke tafe. Ga abu uku da muke zato.

Na fari, katangar da ke tsakaninsu za ta ci gaba da rushewa, har yaro ya yi wasa, ya yi rubutu da lissafi a kan na'ura ɗaya. Dalili kuwa na ciniki ne: mai yin wasa ya fi so ya yi shi sau ɗaya ya sayar wa kowa.

Na biyu, faifai zai yi ta ɓacewa. Tun 2020 akwai irin PlayStation 5 da ba shi da bakin faifai, sai dai a sauko da wasa ta intanet. A nan ne ya kamata mu mutanen Zamfara mu yi hattara. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jiharmu saboda 'yan bindiga, muka yi makonni ba kira ba saƙo. Abin da ba ya aiki sai da intanet, a irin wannan rana ya zama dutse. Ko a ƙasashen masu arziki, Google ya rufe Stadia, wasansa na kan intanet, a Janairu 2023.

Na uku, sabon abu zai daɗe bai iso mana ba, saboda tsada da rashin wuta. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, bayan ya daɗe da isa Kano. Haka wannan ma zai zo, a makare, amma zai zo.

To, mene ne namu a ciki? Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yinta. Mu malamai mun san yara masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa a ɗakin jarrabawa, domin ba su taɓa taɓa madannai ba, ko da yake sun gwanance a gidan gem. Yaron da ke son shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura Namoda, ta wannan ƙofa zai bi. Saboda haka haɗuwar nan tana iya zama alheri. Amma ƙofar da ilimi ke shigowa, ta nan caca da hotunan banza suke shigowa. Tsohon akwati abin da ke cikin faifai kaɗai yake nunawa, sabon kuwa buɗe yake ga dukan duniya.

Ga shawararmu. Kada a sayar da akuya ko buhun gero domin akwatin da wasa kaɗai ya iya. In Allah ya hore, a sayi kwamfuta ta hannu mai batir mai kyau, wadda sola za ta iya ɗauka. A ajiye ta inda kowa ke gani, ba a ɗakin yaro ba. A sa lokaci: aikin gida tukuna, karatu, sa'an nan wasa. Uba ya san gidan gem da ɗansa ke zuwa, ya kuma san inda kuɗin ke fitowa. Ikilisiyoyi biyu ko uku kuma suna iya haɗa hannu su sayi guda ɗaya domin matasa.

Ku karanta misalin talanti a Matiyu sura 25 tare da yaranku wannan mako. Lokaci da basira amana ce, za a kuwa tambaye mu. Allah ya ba mu hikima. Amin.