Gwangwanayen Jos da Rigimar Masoya Doctor Who

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da gano kashi tara na shirin Doctor Who waɗanda aka daɗe da fid da rai da su. A Jos aka same su, cikin ɗakin ajiyar wani gidan talabijin, inda wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim ɗin a jere kan kanta. Kashi biyar na labarin The Enemy of the World ne, huɗu kuma na The Web of Fear, duka an fara nuna su a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. BBC ta riga ta shafe nata, domin a wancan zamani faifan ɗauka na da tsada, akan goge shi a sake aiki da shi. Kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje ne ya tsira.

Shirin ya soma ne ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labarin wani baƙo ne daga duniyar Gallifrey, ana ce da shi Dakta, mai ratsa zamani da sararin samaniya cikin wani akwatin 'yan sanda shuɗi. A 1966, da rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, marubuta suka ƙirƙiro dabarar da ta raya shirin har yau: idan mutuwa ta zo wa Dakta, sai ya sake jiki da fuska da hali. Patrick Troughton ya gaje shi, shi ne kuma ke cikin finafinan Jos. An dakatar da shirin a 1989, aka farfaɗo da shi a 2005.

Tun daga nan ƙorafin tsofaffin masoya bai yanke ba, amma ya fi zafi daga 2017, lokacin da aka sanar da Jodie Whittaker, mace ta farko da aka damƙa wa jagorancin shirin. Bayanta Ncuti Gatwa ya zo a 2023, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan. Masu kare sabon salo sukan tattara duk mai suka su ce ƙyamar mace ko baƙar fata ke damunsa. Akwai irin waɗannan, kuma hujjarsu ba ta da ƙafa: wanda ya yarda baƙo daga wata duniya na sake jiki sau goma sha wani abu, ba shi da bakin cewa launin fata ne ya fi ƙarfin hankalinsa. Sai dai yi wa kowa kuɗin goro zalunci ne, domin cikin hayaniyar akwai ƙorafi mai nauyi.

A Maris na 2020, a kashin da ake kira The Timeless Children, marubuci Chris Chibnall ya bayyana cewa Dakta ba asalin ɗan Gallifrey ba ne, tsintacce ne, ya kuma yi rayuwa da dama kafin Hartnell, daga jikinsa ma mutanensa suka samo sirrin sake jiki. Shekara hamsin da shida ana ƙaunar Dakta a matsayin ɗan tawaye, mutum kamar kowa a cikin danginsa, wanda ya saci jirgi ya gudu saboda gundura da son gani. Dare ɗaya aka mai da shi zaɓaɓɓe tun fil azal. Wannan taɓa tushe ne.

Mutumin Dutsi ko Mai'aduwa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Labarin Bayajidda ana ba da shi ta fuskoki da yawa. Wani ya tsawaita zamansa a Borno, wani ya fi ba da ƙarfi ga maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, masana tarihi kuma sun daɗe suna gardama kan abin da labarin ke nufi. Duk wannan bai taɓa tayar da hankalin kowa a Daura ba. Amma a ce wani mai shirya fim ya zo ya nuna cewa babu maciji a rijiyar Kusugu, ko kuwa baƙon ɗan garin ne da ya ɓad da kama. Nan take zaure zai ɗauki zafi, kuma da gaskiyar masu zauren. Labari yakan jure sabuwar riga. Abin da ba ya jurewa shi ne a zare ginshiƙin da mai sauraro ya jingina da shi.

Kannywood ta ɗanɗana nau'i biyun. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, shirin Aminu Saira, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an yi ta surutu a Facebook, amma sauya fuska ne kawai, kuma kallo bai tsaya ba. Sukar da ta fi amfani ita ce ta masu cewa shirye-shirye masu dogon zango suna jan labari kamar ƙosai a bakin mara haƙori, domin tsawon shiri ke kawo talla. Masoya Doctor Who suna da kishiyar wannan kuka. A 2005 zango guda kashi goma sha uku ne. A zamanin Gatwa, da kuɗin Disney suka shigo, ya koma takwas. Hoto ya yi kyau, kuɗi sun bayyana a allo, amma ba a sami sararin sabawa da sabon Dakta ba har ya tafi a 2025. Disney ma ta janye a shekarar.

Akwai dalilin da ya sa ya kamata a saurari waɗannan mutane ko da muryarsu ta yi kaushi. Lokacin da BBC ke goge faifai, yara ne a gidajen Ingila suke kanga makirufo jikin talabijin suna naɗar sauti. Albarkacinsu babu kashi ɗaya da muryarsa ta ɓace, har cikin 97 ɗin da hotonsu bai dawo ba bayan gano na Jos. Wanda ya yi wa abu irin wannan gadi ya cancanci a ji ta bakinsa. Gadi kuwa ba mallaka ba ne, nan ne da yawansu ke zamewa. Sukan manta cewa shirin da suke kewa an yi shi ne domin yaran 1975, kuma rabin abin da suke nema ƙuruciyarsu ce, wadda babu marubucin da zai iya mayar musu.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin kashin da suka fi samun yabo a zangon ƙarshe na Gatwa shi ne The Story & the Engine, wanda aka nuna a Mayun 2025. A shagon aski a Legas labarin ya gudana, inda aka tsare mutane ana tilasta musu ba da labari domin wani inji ya ci gaba da tafiya. Marubucinsa, Inua Ellams, a Jos aka haife shi a 1984. Sabo ne ta kowace fuska, amma bai rushe komai ba. Ya ɗauki Dakta yadda aka san shi ya zaunar da shi a kujerar wanzami.

Rigimar tana nan tafe gida. Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamban 2023, kuma ba da daɗewa ba wani zai yi sha'awar farfaɗo da Samanja Mazan Fama, ko Karkuzu, ko ya sake ɗaukar Magana Jari Ce kamar yadda NTA Kaduna ta taɓa yi. Zai tarar da 'yan shekara hamsin suna jiransa da ma'auninsu a ka, matasa kuma babu abin da suka gani sai 'yan gutsattsari masu dishi-dishi a YouTube. Masoyan Ingila suna da faifan da za su ɗora a tebur idan gardama ta tashi, wani ɓangarensa ma Jos ce ta adana musu. Kafin a fara ɗaukar sabon Samanja, ya kamata wani ya nemi mabuɗin ɗakunan ajiya na Kaduna da Jos da Kano, ya ƙirga abin da zafi da ƙura suka bari.