Allurar da Muka Hana Shi

A daminar bara, gero na fitar da kai a gonakin Kanya Babba, zazzaɓi ya kwantar da ɗan kawuna mai shekara 17. Kwana uku ana ɗura masa ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis. Da idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, sai manya suka yanke hukunci: shawara ce, kuma shawara ba ta son allura. Aka jiƙa sassaƙe. A rana ta shida fitsari ya ɗauke. Ko da muka kai shi asibiti, ƙodarsa ta riga ta tsaya. A daren ya cika.

Wannan hukunci na manya nake tuhuma, har da kaina, domin ina wurin da digirina na yi shiru don kunya.

Abin da muka kira shawara zazzaɓin cizon sauro ne da ya tsananta. Ƙwayar cutar tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ido ke rinewa, fitsari ya yi duhu. Tana toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda, amai ya ƙarar da ruwan jiki, magunguna irin su diklofenak su ƙara wa ƙodar nauyi. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a wannan hali shi ne atesunet, kuma allura ce. Wato abin da zai cece shi, shi muka hana shi.

Za a ce talauci ne. Ban musa ba: wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi ƙarfin manomin da bai girbe ba, ga nisa. Amma gwajin jinin ɗan yatsa a rana ta farko bai kai kuɗin sassaƙe da motar da muka biya ba. Kuma ƙodar da ta tsaya farat ɗaya takan farfaɗo idan an hanzarta.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya 'yan Najeriya ne, amma har yau muna cewa "zazzaɓi ne kawai". Ina roƙon limamai da masu unguwanni daga Ɓaɓura har Gwiwa su faɗa a bainar jama'a: mai zazzaɓin da fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, asibiti ne wurinsa a ranar. Ajali gaskiya ne, amma sakaci namu ne, kuma za a tambaye mu.