Sharhi: Wace allurar baya ce ta fi dacewa da ɗakunan tiyatar Najeriya?

Tun da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a watan Nuwamban 2024 cewa Gwamnatin Tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa ƙarfi, muhawara ta fi karkata ga kuɗin aikin da jerin asibitocin da za a amince wa. Ba a cika tayar da zancen maganin da ake zuƙa a sirinji kafin likita ya ɗauki wuƙa ba, alhali a kansa ran majiyyaciya ke fara rataya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mata 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na adadin duniya baki ɗaya.

Abin da jama'a ke kira allurar baya iri biyu ne. A na farko, ana zuba magani ɗan kaɗan, kimanin mililita biyu zuwa uku, cikin ruwan da ke kewaye da laka, kuma shi aka fi yi wa mata a yawancin asibitocin ƙasar nan. Na biyu shi ne efidural, wanda likitan sojan Sifaniya Fidel Pagés ya bayyana a 1921. A nan allura tana tsayawa a wajen fatar da ta lulluɓe laka, a bar siririn bututu domin a riƙa ƙara magani idan aiki ya yi tsawo. Amma efidural na cin magani mai yawa, sau da yawa mililita 15 zuwa 20 domin tiyata, kuma wurin cike yake da jijiyoyin jini. Daga nan ne zaɓin magani ke zama batun rai da mutuwa.

Lidokain, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, shi ne mai saurin kamawa. Idan aka gauraya shi da adirinalin, jiki yakan mutu cikin minti goma zuwa sha biyar, sai dai ƙarfinsa ba ya wuce sa'a ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake gudu gare shi idan naƙuda ta rikiɗe ta koma tiyatar gaggawa ga matar da bututun ke jikinta tun da farko.

Bufibakain kuwa mai jinkirin kamawa ne, yakan ɗauki minti ashirin ko fiye, amma yana daɗewa, kuma idan aka sirka shi yana kashe zafi ba tare da ya ɗauke ƙafafu gaba ɗaya ba. Aibinsa a zuciya yake. Idan ya kuskure ya shiga jijiyar jini, yakan maƙale wa tsokar zuciya ya ƙi saki da wuri, har bugunta ya rikice ko ya tsaya, kuma farfaɗo da irin wannan majiyyaci yana da matuƙar wuya. A 1979 wani likitan Amurka, George Albright, ya ja hankalin abokan aikinsa kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya ta wannan hanya. A 1983 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana amfani da mai ƙarfin kashi 0.75 cikin ɗari ga masu haihuwa.

Wannan fargaba ce ta haifar da rofibakain, wanda ya shiga kasuwa a 1996, da kuma lebobufibakain da ya biyo baya. Dukansu sun fi sauƙi ga zuciya, kuma rofibakain na barin majiyyaci ya motsa ƙafafunsa da wuri. To amma akwai abin lura da masu tallarsa ba su cika nanatawa ba: rofibakain bai kai bufibakain ƙarfi ba, don haka akan buƙaci ƙarin adadi kafin a samu sakamako iri ɗaya, abin da ke rage tazarar da ke tsakaninsu. Ga kuma tsada. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ƙasashe ke dubawa wajen sayayya, ya ƙunshi lidokain da bufibakain ne.

Saboda haka, da wuya a ce hanyar da ta dace da Najeriya ita ce sauya magani. Bufibakain zai ci gaba da zama abin hannu, kuma babu laifi a hakan muddin an cika sharuɗɗansa: a fara da ɗan gwaji kafin a zuba cikakken adadi, a zuba shi kaɗan-kaɗan, na'urar auna bugun zuciya da hawan jini tana aiki, iskar oksijin da maganin ɗaga jini irin su efedirin suna kusa. Akwai kuma makari. Binciken da Guy Weinberg ya wallafa a 1998 ya nuna cewa ruwan kitse da ake ɗura wa ta jijiya yana rage gubar bufibakain, kuma a 2006 aka ba da rahoton farko na ceto mutum da shi. A yau ƙa'idojin ƙwararru na neman a ajiye mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari a duk inda ake irin wannan allura. Ya kamata a ce samuwarsa na cikin abin da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ke dubawa kafin ta saka asibiti a shirin tiyata kyauta.

Babban giɓin dai na mutane ne. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla ƙwararru biyar ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ɗaya ba, tun ma kafin guguwar ficewar likitoci ta 'yan shekarun nan. A manyan asibitocin jihohi da dama, ma'aikatan jinya masu horo na musamman ne ke riƙe da wannan aiki, galibi mutum ɗaya a dare guda. Efidural kuwa na neman wanda zai zauna ya sa ido, shi ya sa har yanzu ya fi yawa a asibitocin koyarwa da na kuɗi.

Wani haɗarin ma a kan tire yake. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan rikita kwalbar bufibakain da ta maganin tsayar da zubar jini, turanekzamik, saboda kamanninsu, kuskuren da ya halaka majiyyata a ƙasashe daban-daban bayan an zuba shi a laka. Duka magungunan biyu ana buƙatarsu a ɗakin tiyatar haihuwa, kuma shawarar hukumar ita ce a raba musu ma'ajiya, a kuma karanta sunan da ke jikin kwalba kafin a zuƙa.