Cinikin Gida a Rurum: Wa Za a Tambaya Kafin a Ƙirga Kuɗi?

Da hutun da ya wuce na je gida Rurum Tsohon Gari, na tarar da wata rigima a unguwarmu wadda har na dawo makaranta ba ta fita daga raina ba. Wani bawan Allah ya yi shekaru yana tara kuɗin albasa da na tumatir, ya sayi gida a hannun wani magidanci. An yi ciniki gaban dillali da shaidu, an biya la'ada, an rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, aka yi fatiha aka watse. Ya rushe zaure ya gina sabo da bulo, ya tare da iyalinsa. Bayan damina biyu sai ga ƙanwar wanda ya sayar ta zo daga gidan aurenta a Kibiya, ta ce gidan na mahaifinsu ne, ba a raba gado ba, ba kuwa wanda ya shawarce ta. Maza 2 ne da ita mace 1, watau bayan an fitar da tumunin tsohuwarsu tana da kashi 1 cikin 5 na abin da ya rage. A ranar ce mai sayen ya fara tambayar inda ake samun lauya.

Abin da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne wannan jinkiri. A wurin mutanenmu lauya abokin rigima ne, ba a tuna shi sai sammaci ya zo. Ni kuwa a ganina amfaninsa mafi girma yana gabanin biyan kuɗi, lokacin da ɗan abin da za a ba shi bai kai kuɗin ƙofa da tagogi ba. Amma fa kada a ɗauka ina cewa lauya shi kaɗai ya isa. Gida a ƙauyen Kano yana zaune ne ƙarƙashin hukunci iri uku: al'ada, da shari'ar Musulunci, da dokar gwamnati, kuma kowanne yana da masaninsa.

Mu fara da dokar gwamnati, domin ita ce jama'a suka fi jahilta. Tun 1910 Turawa suka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a 1962, sa'an nan a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa wadda ta game Nijeriya baki ɗaya, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999. Ma'anarta a taƙaice ita ce, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, ƙasar kuwa amana ce a hannun gwamnan jiha. A yankin da gwamna ya ayyana birni, shi ne mai ba da wannan haƙƙi, kuma sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar ba da yardarsa ba. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya, sashe na 21 kuwa ya sa amincewarta ta zama sharaɗi. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Mai karatu ya lura, a duk wannan ba inda aka ambaci dagaci ko mai unguwa. Sa hannunsu shaida ce mai ƙarfi cewa an yi ciniki, amma ba shi ne amincewar da doka take nufi ba. Mutanenmu da yawa suna ajiye wannan takarda a ƙasan adaka, sun tabbata sun gama, alhali saura tafiya sakatariya a Rano.

Kada kuma wani ya ce ai wannan doka ta kan takarda ce kawai. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda bankin ya karɓi jinginar gida a Ikko ba tare da yardar gwamna ba, da ya tashi sayar da gidan don ya fanshe bashinsa kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba. To, in banki mai lauyoyi ya yi tuntuɓe da wannan sharaɗi, ina ga manomin da ya sayar da bijimansa? Mu kuwa da muke maƙwabtaka da Tiga mun fi kowa sanin ƙarfin hannun hukuma a kan ƙasa, tun da madatsar da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tayar da ƙauyuka daga mazauninsu. Ranar da aiki irin wannan ya sake biyowa, za a nemi sanin mai gida kafin a yi maganar diyya.

Sai dai rigimar unguwarmu ba daga wannan doka ta taso ba, kuma a nan ne nake ganin iyakar lauyan birni. Zai iya zuwa ofishin filaye a Kano ya bincika rajista, amma gidajen Tsohon Gari galibinsu ba su taɓa shiga rajista ba. Tarihinsu yana bakin dattawa. Lauya bai san mamacin ya bar 'ya a Kibiya ba, mai unguwa kuwa da shi aka ɗaura aurenta. Laifin da nake gani a nan shi ne ba wanda ya yi wa mai unguwar tambayar da ta dace. An ce masa ya shaida ciniki, ya shaida. Da an tambaye shi magadan gidan nan su nawa ne, da ya lissafa su da sunayensu.

A fikihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano suke bi, wanda ya sayar da kayan wani ba da izninsa ba cinikinsa a rataye yake, sai mai kaya ya yarda. Rabon matar nan ke nan. Bugu da ƙari tana da haƙƙin shufa'a, watau abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana iya karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya mayar wa baren kuɗinsa. Wannan haƙƙi yana faɗuwa in mai shi yana nan, ya sani, ya yi shiru har tsawon shekara guda. Duk waɗannan suna cikin Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafan da ake karantawa a zaurukan Rano tun kafin zuwan Turawa. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Abin mamaki, malamin da ya san babin nan yana zaune tsakaninsa da gidan bai fi taku ɗari ba, ba a kira shi ba sai don ya yi addu'ar tarewa.

Jingina ta fi ciniki haɗari, don kusan kullum a baki ake yin ta, kuma cikin matsuwa: rashin lafiya, ko aurar da 'ya, ko taki. Mutum ya karɓi kuɗi ya ba da gida ko gona, mai kuɗi ya shiga yana amfani. Malamai sun daɗe suna faɗakarwa cewa cin amfanin jingina a kan rance riba ce, wannan na bar musu. Abin da ya dame ni shi ne abin da yake biyo bayan mutuwar mutanen biyu. 'Ya'yan wannan su ce jingina ce, 'ya'yan wancan su ce saye ne, su kafa hujja da hauzi, cewa sun riƙe fiye da shekara 10 ba wanda ya yi magana. Hauzi ba ya cin jingina, gaskiya ne, amma sai an tabbatar jinginar ce, shaidun kuwa suna maƙabarta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba.

Za a ce mini lauya tsada gare shi, kuma nisa. Haka ne. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 don marasa hali, amma ƙarfinta ya fi tafiya ga waɗanda ake tuhuma da laifi. Akwai kuma wata matsala da ta fi tsada ciwo, ita ce ta harshe. Takardar lauya da Turanci take, Turancin ma irin wanda mai digiri yake karantawa sau biyu. Doka ta wajabta wa mai rubuta wa marar karatu takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma karanta masa ya fahimtar da shi kafin ya dangwala yatsa. Wace irin fahimtarwa ake yi a minti biyu, da Hausar da ba ta bambance aro da haya da jingina da sayarwa ba?

Wannan kuwa aikinmu ne, mu 'yan Sashen Hausa. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi da muke rubuta jarrabawa da su. Kalmomin ƙasa da gida ba sa ma bukatar ƙirƙira mai yawa, suna nan a bakin alƙalai da dagatai: gandu, gayauna, kango, iyaka, hurumi, gado, kyauta, fansa. Tattarawa suke jira, da daidaita su da sassan dokar 1978.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu nemi 'yan'uwanmu na Tsangayar Shari'a mu tsara takarda mai shafi 2, da boko da ajami, wadda mai saye zai cika kafin ya je wurin lauya. A tambayi yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa. In gado ne, a rubuta sunan kowane magaji, mace da namiji, na gida da na nesa, da kotun da ta raba da shekarar rabon. A tambayi ko akwai jingina a kansa, a rubuta maƙwabtan kusurwa huɗu, a bar gurbin hatimin ƙaramar hukuma. Lauyan da aka kai wa wannan aikinsa ya ragu, kuɗinsa ma ya kamata ya ragu. Na riga na yi wa mai unguwarmu maganar, ya ce in mun buga a kawo masa kwafi 20 ya ajiye a zaure, amma a yi rubutun da manyan baƙaƙe, don idonsa ya fara rauni.