Ra'ayinmu: Manhajar ɗaukar murya mai tsada da jarin ɗan kasuwar kan iyaka

Sanin kowa ne cewa tun daga juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga watan Yulin 2023, wanda ya jawo aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, harkar fatauci a wannan yanki namu ta shiga mawuyacin hali. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024, Jamhuriyar Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ba ta bi sahu ba a lokacin, sai mutane da kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Kafin wannan ma an ɗanɗana rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Duk wanda ya sha waɗannan biyu, babu mai ganin laifinsa idan ya fara neman wata sana'a da ba ta dogara da gada ko shingen duwan ba, wadda zai sa wa ɗansa ko ƙanensa jari a ciki.

Ɗaya daga cikin sana'o'in da matasa ke kawo wa iyayensu da iyayen gidansu shawararta ita ce buɗe situdiyo, wato ɗakin ɗaukar murya. Wannan jarida ba ta raina sana'ar ba. Gari irin Guéné, wanda ke kan babbar hanyar da ta taso daga Kandi zuwa Malanville, inda hanyar Karimama ta rabu, ga kasuwar dabbobi da ke tara Dandawa da Fulani da Hausawa da Zabarmawa, ba zai rasa masu neman a ɗaukar musu murya ba. Mai maganin gargajiya yana son tallar da amsa-kuwwarsa za ta yi ta maimaitawa, iyayen amarya suna son waƙar biki, malami yana son karatunsa ya fita tas a waya, ma'aikatan lafiya suna son sanarwar rigakafi cikin harsuna uku ko huɗu. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma ba sa jiran a buɗe iyaka.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu tsoma baki shi ne jerin kayan da yaro ke miƙa wa mai jari. Sau da yawa a sahun gaba za a ga sunan wata manhaja, wato shirin da ake ɗora wa kwamfuta domin ta yi aikin, kamar Pro Tools ko Cubase, tare da bayanin cewa ai da ita ƙwararrun duniya ke aiki. Alhaji ya saba da hajar da ake taɓawa. Yana iya soka buhun shinkafa ya ga ƙwayarta, yana iya buɗe bakin sa ya duba haƙori, amma wannan haja ce da ba a gani, ba a aunawa, kuma idan aka saya ba a mayarwa. To wane ne zai faɗa masa ko ta ci kuɗinta?

Bari mu fara ba ta haƙƙinta, domin ba banza ta yi suna ba. A zamanin faifan garmaho da farkon kaset, idan za a ɗauki makaɗi sai a tara shi da makaɗansa da 'yan amshinsa wuri guda, wanda duk ya yi kuskure a dawo daga farko. Manyan ɗakunan Turai da Amurka sun sami sauƙi da na'urar zare mai layi 24, sai dai gyara a kanta da reza ake yi, a yanka zaren a liƙa. Kamfanin Steinberg na birnin Hambog a Jamus ya fitar da Cubase a 1989, kamfanin Digidesign na Amurka kuma ya fitar da Pro Tools a 1991, lokacin layi huɗu kawai take ɗauka, kuɗinta kuma kusan dalar Amurka 6,000. Shekara takwas bayan haka, a 1999, wata waƙar mawaƙi Ricky Martin ta zama ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a Amurka alhali an ɗauke ta, an gyara ta, an haɗa ta kacokan a cikin Pro Tools. Daga nan manyan ɗakuna suka yi ta komawa kanta. A yau mutum ɗaya yana iya jera ɗaruruwan layuka, ya ciro kalma guda daga ɗauka ta uku ya dasa ta a ta farko, ya daidaita magana da motsin bakin ɗan wasa a fim, sannan ya aika aikin Legas ko Faris a buɗe shi kamar yadda ya bar shi. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin da ake biya. Ƙwararru suna sayen Pro Tools ne saboda abokan aikinsu da ita suke aiki, kamar yadda ɗan kasuwar Malanville ke riƙe sefa da naira duka biyu domin kada ciniki ya wuce shi.

Sai maganar kuɗi. A nan muna jan hankalin mai karatu cewa idan muka ce dala, ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba wadda take sefa biyar. Cikakkiyar Cubase ta haura yuro 500, kuma tunda an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, wannan ya wuce jika 327 kafin a sayi ko da waya guda. Logic, wadda kamfanin Apple ya saye mai ita a 2002, an sa mata dala 200 tun 2011, sai dai ba ta hawa kwamfutar da ba ta Apple ba, don haka arharta tana jan tsada a bayanta. Ita kuwa Pro Tools, tsarin da kamfanin Avid ya fitar a 2022 na haya ne: a lokacin ƙaramar kusan dala 100 ce a shekara, matsakaiciyar kusan dala 300. Idan muka yi lissafi a kan sefa 600 kowace dala domin sauƙi, matsakaiciyar ta kama jika 180 duk shekara, kuma ranar da aka daina biya aiki ya tsaya. Kamfanin Adobe ma ya koma tsarin haya tun 2013.

Wannan batu na haya shi ne ya fi damunmu. Ɗan kasuwar da ya ga yadda aka wayi gari gada ta rufu ya san cewa kuɗin hayar rumfa ba ya tausayin ranar da babu ciniki. Mai rumfa dai ana iya zuwa gidansa da dattijo a nemi ya yi haƙuri zuwa bayan girbi. Kamfanin da ke Amurka bai san damina ba, bai san azumi ba, katin banki kawai ya sani, wanda yawancin matasanmu ba su da shi, sai sun bi ta hannun wani ya biya musu ya ɗora nasa.

Akwai kuma abin da mai talla ba zai faɗa ba. Manhaja ba ita ke jin murya ba. Makirfo ne ke ji, ƙaramin akwatin da ke tsakaninsa da kwamfuta ya mayar da sautin lambobi, ita manhaja ta adana abin da aka ba ta. Idan aka ɗauki murya ɗaya da makirfo ɗaya a ɗaki ɗaya, abin da manhajar kyauta ta adana da abin da mai tsada ta adana ba su da bambancin da kunne zai kama. Idan kuwa ɗakin mai rufin kwano ne da bangon siminti, yana amsa kuwwa, ga janareto yana ruri a bakin taga, ga manyan motocin Kwatano suna wucewa a kan kwalta, to da su za a ɗauka. Akwai kayan rage hayaniya masu kyau, amma ragewa suke yi, kuma idan aka matsa musu sai murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da aka lulluɓe da katifu da barguna ya fi amfani ga mai situdiyo a Guéné fiye da lasisin jika 300. Haka nan farantin sola da batir mai ƙarfi, domin wutar da ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka tana iya tafiya da aikin yini guda.

Sannan a duba inda aikin zai ƙare. Tallar mai magani za ta fito ne daga amsa-kuwwar da aka ɗaura a kan baro. Waƙar biki za ta bi ta WhatsApp, wanda ke matse sauti, ta sauka a wayar da lasifikarta bai kai farce ba. Abin da mai sauraro ke nema a nan shi ne ya ji kalmomin sarai kuma muryar ta kama shi.

Tarihin maƙwabtanmu ma ya isa darasi. Waƙoƙin finafinan Hausa da suka mamaye kasuwanninmu tun daga ƙarshen shekarun 1990, irin na fim ɗin Sangaya na 1999, da fiyanon Yamaha aka yi kiɗansu a ƙananan ɗakuna a Kano, kuma sun sayu daga Maraɗi har Kumasi. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin salon lanƙwasa murya na Auto-Tune da situdiyoyin Hausa suka saba da shi. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga katin waya zuwa katin waya a faɗin Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya ya sa ta a wani kundi da ya fitar a 2011, daga nan ƙofar duniya ta buɗe masa. Manyan ɗakuna daga baya ya shige su, bayan ya riga ya sami masu sauraro.

Mun san amsar da wasu za su bayar, cewa ai duk wannan lissafi na banza ne, tunda da jika ɗaya ko biyu mai gyaran kwamfuta zai ɗora wa mutum fasasshiyar Cubase ko FL Studio. Gaskiya ne ana yi, kuma ba a ɓoye ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin waɗannan fasassun manhajoji sanannun hanyoyi ne na shigar ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma situdiyo wuri ne da kowa ke kawo katinsa a soka a cire, ke nan cutar za ta bi abokan ciniki gida. Idan ta ƙage ana tsakiyar aiki babu wanda za a kai wa kuka. Ban da haka, haƙƙin wasu ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Benin ta 2006 tana nan, hukumar BUBEDRA tana nan, Nijar tana da BNDA, Nijeriya kuma ta sa hannu a sabuwar dokarta a 2023. Masu shirya fim na Kano sun ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen durƙusar da cinikin faifai a kasuwar Ƙofar Wambai. Mai situdiyon da ke aiki da kayan sata, da wane baki zai yi ƙorafi ranar da masu tura waƙa a waya suka sayar da aikinsa ba su ba shi ko dala ba?

Abin farin ciki shi ne ba dole sai an zaɓi tsakanin tsada da sata ba. Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka kuma aka sake ta a 2000, kyauta ce ta halal, ta kuma isa aikin talla da karatu da sanarwa. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, sannan lasisinta dala 60 ne ga wanda cinikinsa bai wuce dala 20,000 a shekara ba, wato kimanin jika 36 a biya sau ɗaya, kuma babu wani layi ko kayan aiki da aka rage mata saboda arhar. FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda masu haɗa kiɗa suka fi sabawa da ita, duk wanda ya saya sau ɗaya yana samun sababbin fitowarta kyauta. Wannan irin ciniki ne ɗan kasuwa ke ganewa.

Saboda haka shawararmu ga mai jari ita ce ya juya jerin da aka kawo masa. Wuta da ɗaki da makirfo su hau sama. Bayansu a sa kuɗin koyo, domin wata shida a hannun ƙwararre a Parakou ko Sakkwato ko Kano zai canza aikin yaro fiye da kowace manhaja, kamar yadda ba a damƙa wa wanda bai yi yaron mota ba sitiyarin tirela. Ya kuma yi wa yaron tambayoyin da yake yi wa duk mai neman jari: su wane ne abokan cinikinka, nawa suke biya a talla guda, talla nawa za ka yi kafin kuɗin lasisi ya fito? Ranar da wani gidan rediyo ko mai shirya fim ya ce ba zai karɓi aiki ba sai a tsarin Pro Tools, kuma kuɗin aikin ya rufe hayar, ranar ce sayenta ya zama jari. Ana ma iya kama hayar wata guda a yi aikin a sake ta.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Malanville da Guéné da hukumar gari da su duba yiwuwar haɗa hannu a kafa ɗaki guda mai inganci, da tsayayyar wuta da lasisi na halal, wanda matasa za su riƙa kama hayarsa da awa. Su kansu 'yan kasuwar su ne za su fara cin moriyarsa, domin tallar albasa da shinkafa da shanu cikin Dandanci da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, wadda ake zuwa nesa a yi, za a riƙa yin ta a gida.