Abin da wani gato na Ista ya tuna mana

Duk shekara idan Litinin ɗin Ista ta zo, wadda masu Faransanci ke ce wa Pak, ma'aikata a Nijar kan samu hutu, yara ba su zuwa lakwal. Amma a cikinmu mutum nawa ya san abin da maƙwabtanmu Kirista ke tunawa a lokacin? Su dai imaninsu shi ne an gicciye Yesu ran Juma'a, an sa shi a kabari, ran Lahadi da sassafe mata suka je suka tarar kabarin wayam. Mu Musulmi Alƙur'ani ya koya mana ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan bambanci a fili yake, kuma ba muhawara ce ta kawo mu yau ba. Dabarar koyarwa ce ta ja hankalinmu.

A wasu gidajen Kirista na Amurka, daren Asabar kafin Ista uwa kan tara yaranta a madafa su yi wani ɗan gato. Za a zuba wasu ƴaƴan itace masu kama da gyaɗa cikin leda, a ba yaro muciya ya daddaka, uwar na gaya masa haka sojojin Roma suka doke Yesu. A miƙa masa binegar ya shinshina, ya yamutsa fuska, a ce ruwan tsami irin wannan aka ba shi da ya ji ƙishirwa. A ɗiga masa gishiri a tafin hannu ya lasa, shi ne hawayen mabiyansa. Sannan a kaɗa farin ƙwai da sukari har ya yi kumfa, a jera a faranti, a sa cikin tanderun da ya riga ya yi zafi, a kashe wuta. Kowane yaro ya manna salatif a ƙofar, an rufe kabari ke nan. Su kwanta ba su ci komai ba. Da safe a buɗe, yaro ya gatsa, ya ji ciki rami ne.

Yaron da ya kwana yana jira, ya tashi ya gani da idonsa, da wuya labarin ya fita kansa. Gaskiya akwai abin tsoro a ciki: zaƙi na iya rinjayar darasi, yaro ya riƙe gato ya saki ma'ana. Amma uwar ce da kanta ta zauna ta koyar, ba ta jira fasto ba.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Mun miƙa yara ga malamin allo da bulalarsa, sauran lokacin kuma salula ta ɗauka. Alhali ba mu rasa abin koyarwa ba, kuma ba sai mun sayi tanderu ba. Dubi ranar Layya a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa: raguna a tsire kewaye da wuta tun hantsi har dare, yara na kai da kawo, wannan ya ɗauko itace, wancan yana jiran hanta. Awa nawa muke zaune tare da su a gindin wutar nan? Hirar tsadar rago da siyasa ce ke cinye ta. Ka tambayi ɗan shekara bakwai me ya sa aka yanka ragon, sau da yawa sai ya ce maka don sallah ce. Annabi Ibrahim da ɗansa, da mafarkin, da fansar, duk mun bar wa huɗubar liman, wadda yaron bai ji ba saboda yana can bayan sahu yana duban sabon takalminsa.

Washegari kuma shi muke ɗora wa kwanon nama ya kai gidajen maƙwabta, har da na Kirista, ba tare da mun gaya masa dalili ba.